Filin Tambaya da Amsa: Wasan Tirayal, Keken da Ba Shi da Sirdi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke, wato wasan keken nan da matasa ke gani a waya, na masu hawa duwatsu da katanga ba tare da sun sa ƙafa a ƙasa ba. Mun zaɓi shida, masu tsawo mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon wani Bature a kan keke marar sirdi, yana tsalle da tayar baya daga wannan dutse zuwa wancan. Abokina ya ce BMX ne, ni na ce ba shi ba ne. Ku raba mana gardama. *Ɗalibi, Ƙofar Ƙaura, Katsina*

Amsa: Wa alaikumus salam. Kai ne da gaskiya. Sunan wasan tirayal, kuma daga babur ya samo asali. A ƙarshen shekarun 1970, a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, wani gwanin tirayal na babur mai suna Pere Pi, wanda ke aiki da kamfanin babura na Montesa, ya ƙera wa ɗansa Ot Pi ƙaramin keke domin ya koyi wasan kafin ya isa hawa babur. Yaron ya girma ya zama zakaran duniya a kan keken. BMX kuwa a Kalifoniya ta Amurka ya taso a farkon shekarun 1970, daga yara masu kwaikwayon tseren babura. Tseren BMX ya shiga gasar Olamfik a 2008, tirayal har yau bai shiga ba.

A tirayal ba a neman wanda ya riga wani. Ana shata wani ɗan wuri da aka cika da duwatsu, gungumen itace, bututun kwalbati da makamantansu, a ba mutum minti biyu ya ratsa. A tsohon tsarin ƙidaya, duk sa ƙafa a ƙasa laifi ɗaya ne, laifi biyar ya fitar da kai daga wannan sashen, mai ƙarancin laifi shi ya ci. Hukumar kekuna ta duniya, UCI, yanzu tana raba sashe gida shida, kowane gida da ka wuce ba laifi maki 10, jimla 60.

Keken gasa iri biyu ne, mai taya inci 20 da mai inci 26. An cire sirdi ne don ba wanda ke zama, kuma zai tare mutum idan ya durƙusa zai yi tsalle. Giya ɗaya ce tak, mai sauƙin gaske: a keken inci 26 haƙora 18 a gaba, 15 a baya. Zagayen feda ɗaya bai fi mita biyu da rabi yake kai ka ba, alhali keken tsere a matsakaiciyar giya yana cin mita bakwai. In wanda ka gani yana da ɗan guntun sirdi kuma a cikin gari yake wasa, to mai inci 24 ne, irin wanda Danny MacAskill ɗan Sikotlan ya sa duniya ta sani da bidiyon da ya yi a Edinbura a 2009.

Tambaya: Ina da keken hawan dutse na gwanjo, inci 26, mai giya. Ba ni da kuɗin sayen na tirayal, ban ma taɓa ganinsa a kasuwa ba. Zan iya farawa da nawa? Daga ina zan fara? *Wani matashi, Daura*

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa. Abin da za ka koya a watannin farko duk wannan keken zai ɗauka. Sauke sirdi har ƙasa. Cire kariyar ɗaukar kaya, madigadi da jak. Sa sarƙa a ƙaramin faifan gaba, a baya kuma ka zaɓi na tsakiya, yadda haƙoran gaba za su ɗan ɗara na baya kaɗan, misali 22 da 18. Matsar da hannun birki ciki yadda yatsa ɗaya, manuniya, zai kama ƙarshensa, sauran huɗun su riƙe kan keke. Mai kama birki da yatsu huɗu ba shi da abin da zai ja keken da shi. Sannan ka gwada birkin baya: matse shi, ka hau feda ka taka da dukan nauyinka. In taya ta motsa, gyara birki tukuna, kada ka ci gaba.

Sai ka gano ƙafarka ta gaba. Gangara wani ɗan tudu a tsaye kan feda ba ka tuƙawa, ka duba wace ƙafa ce ta tsaya a gaba da kanta. Ita ce za ta riƙa zama a gaba a duk abin da za ka yi, fedoji biyu a kwance daidai da juna.

Darasin farko tsayuwa ce wuri ɗaya, kuma shi ne wanda kowa ke son tsallakewa. Nemi wuri mai tauri mai ɗan hawa kaɗan, irin gangaren siminti na bakin gareji. Yashi ba ya yi, taya nutsewa take ta ɓoye maka kuskurenka. Tunkari hawan a hankali har keken ya tsaya, ka karkata tayar gaba kamar digiri 45 zuwa ɓangaren ƙafarka ta gaba, ta fuskanci tudun. A ce ƙafar dama ce a gaba, taya ta karkata dama. Idan ka ji za ka faɗi dama, ɗan danna feda, keken zai matsa gaba ya shigo ƙarƙashinka. Idan hagu kake tafiya, sassauta ƙafar, gangaren zai dawo da keken baya ya tare ka. Motsin bai wuce faɗin tafin hannu ba, gaba, baya, gaba, baya. A nan ba a bukatar birki sam, tudu da feda ne ke aikin.

Abin da ke kayar da masu koyo sananne ne. Suna kallon tayar gaba, alhali ido ya kamata ya tsaya a wani abu mita biyu a gabansu. Suna ƙanƙame kan keke har kafaɗa ta sandare. Suna matse firam da gwiwa, wanda ke hana keken motsi a ƙarƙashinsu. Kuma suna murɗa kan keke hagu da dama da sauri, suna neman daidaito a hannu, bayan yana ƙafa da ƙugu. Minti 20 zuwa 30 kullum, da sassafe ko bayan la'asar, ya fi awa uku ranar Lahadi kaɗai, domin da zarar hannu ya gaji kuskure kawai kake maimaitawa. Kada ka wuce wannan darasi sai kana iya minti ɗaya cur.

Na biyu lilo ne. Danne birki biyu, ka tura nauyinka gaba har tayar baya ta ɗaga kamar yatsu uku, ka dawo baya har ta gaba ta ɗaga haka. Kowace taya ka ɗaga, ka ajiye ta ɓangaren da kake shirin faɗuwa. Da wannan ake juya keke a wurin da bai fi tabarma ba, da shi kuma ake gyara tsayuwa a kan dutse. Idan lilon ya zauna maka, ɗora tayar gaba a kan bulo ɗaya ka yi ta lilo a haka, sannan ka koyi hawa da tayar baya: tura ƙugu gaba, ƙafafu su dafe feda su ɗebo bayan keken.

Tambaya: Malam, ni fa ina ɗaga kan keke in yi tafiya mai nisa a kan taya ɗaya, duk unguwarmu an san ni. Amma tsalle da tayar baya a wuri ɗaya ya gagare ni, sau biyu ina faɗuwa ta baya. Me nake yi ba daidai ba? *Mai son keke, Sabuwar Unguwa, Katsina*

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Allah ya kiyaye gaba. Ɗaga kai da kake yi da wannan tsallen ba dangi ba ne. A ɗaga kai kana zaune, taya na juyawa, gudu na taimakonka, birki kuma shafa shi kake yi. A tirayal kana tsaye, taya a kulle take, birkin baya kuma kamar makunnin lantarki yake, ko a kunne ko a kashe, babu tsaka-tsaki. Hannunka ya saba da shafa, shi ya sa taya ke sulɓewa gaba ta bar ka a ƙasa.

Fara da koyon sauka. Kulle birkin baya, ja keken ya miƙe har ya wuce misali, ka saki feda ka dira da ƙafa biyu a bayansa kana riƙe da kai. Yi ta yi har jikinka ya riƙa yi ba tare da ka yi tunani ba. Bayan nan ɗora tayar gaba a kan dakali ko benci mai tsayin santimita 40 zuwa 50, birki biyu a kulle, ka yi ƙananan tsalle kana ja baya da ƙugu har tayar gaba ta rabu da dakalin. Tsallen daga gwiwa da idon sawu yake fitowa. Hannu a ɗan lanƙwashe, kan keke kusa da cinya, yatsun ƙafa sun ɗan kalli ƙasa don takalmi ya kama feda. Santimita biyu ko uku sun isa. Mai tsalle da tsayi gajiya yake kafin ya kai goma, kuma kowane tsalle ya kamata ya zama gyara ne: ka karkata hagu, ka matsar da taya hagu.

Idan kana yin ashirin a jere, sai bugun feda, wanda shi ne ƙashin bayan wasan gaba ɗaya. Kana kan tayar baya. Bar tayar gaba ta ɗan sauka yayin da ƙugunka ke yin baya da ƙasa. Saki birki, a daidai lokacin ka buga fedar gaba bugu gajere mai ƙarfi, bai kai rubu'in zagaye ba, ka miƙe ka kai ƙugu wajen kan keke. Keken zai yi tsalle gaba. Kana sama ka sake kulle birki, ka tura keken gabanka, ka dira kan tayar baya gwiwa na lanƙwashewa, sannan ka mayar da feda baya ta koma kwance. Duk wannan bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Kurakuran na lokaci ne. In ka buga kafin ka saki birki, ƙarfin a sarƙa zai ƙare, keken ba zai je ko'ina ba, kuma haka sarƙa ke tsinkewa. In ka makara wajen sake kullewa, taya ta dira tana juyawa, sai bayanka a ƙasa. In ba ka bar tayar gaba ta sauka ba kafin bugun, keken miƙewa zai yi ya wuce kanka. In kuma ka manta mayar da feda, bugu na biyu zai same ka ƙafa tana ƙasa ba abin bugawa. Zana layi biyu da gawayi a siminti, taƙi ɗaya tsakaninsu, ka riƙa tsallakewa. Kwalbatin gaske ya jira sai layukan sun kai mita ɗaya ba ka kuskure.

Tambaya: Ni mai gyaran keke ne. Yara na kawo mini kekuna wili ya lanƙwashe, firiwil (faifan haƙoran da sarƙa ke ja, mai barin taya ta juya ko an daina tuƙi) na zamewa, wasu na cewa in goge musu rim da giranda ko in shafa kwalta. Wannan daidai ne? Kuma Phoenix ko Raleigh za su yi wannan wasa? *Mai gyara, Ƙofar Guga, Katsina*

Amsa: Malam, barka da aiki. Mu fara da mai sauƙin: Phoenix da Raleigh na dā a bar su su ɗauki buhu. Birkinsu na sanda ba ya kulle taya, rim ɗin ƙarfe mai sheƙi santsi gare shi, hannun fedarsu kuma da kota aka ɗaure, bugu kaɗan za ta yi sako-sako.

Gugar rim gaskiya ce, 'yan gasa na yi. Ana cire taya da tiyub, a bi gefen rim ɗin alminiyom da giranda sama-sama, sau ɗaya, don ya yi kaushi robar birki ta cije. Amma kowace guga cin rim take. Nasu an yi shi da kauri da faɗi saboda haka, na kekunan gwanjo kuwa siriri ne, sau da yawa ma birki ya riga ya cinye shi, kana gogewa zai tsage a gefe taya ta fita. Mu dai ba mu ba da shawarar a yi wa yaro mai koyo ba. Kwalta ma ana shafawa, ɗan zane kaɗan a rim, kuma tana kamawa. Sai dai a zafinmu na Afrilu narkewa take ta manne roba, da hunturu ta kwashi ƙura, in ruwa ya taɓa ta kuma ta koma santsi. Kada ta kusanci birkin faifai ko kaɗan. Abin da ya fi amfani: wanke rim da sabulu ya bushe, goge fuskar robar da samfefa, saita ta ta kwanta a rim gaba ɗayanta lokaci guda, sa sabuwar wayar birki, ka rage tazara ta zama kamar milimita biyu kowane gefe. In aka kawo maka mai birkin mai irin Magura, man da ake zuba masa daban ne. Man birkin mota lalata masa robobin ciki yake.

Firiwil kuwa a kula da shi sosai, don zamewarsa a lokacin bugu kan jefa mutum ta saman kai. Giris mai kauri, ya haɗu da ƙura, shi ke manne 'yan haƙoran ciki su kasa tashi. A wanke da kananzir, a ɗiga mai marar kauri. Na tirayal yana kamawa sau 108 ko fiye a zagaye ɗaya, wato feda ba ta motsa digiri huɗu ba ya kama. Na kasuwa mai kamawa sau 18 sai ta yi digiri 20 a banza, shi ya sa bugu ke yi wa yaran wuya. Sarƙa a duba ta duk mako, in an ga tsaga ko ƙusa ta leƙo a canja duka, kada a yi ƙari da guntuwar tsohuwa. Baƙin mai kuma a daina zuba mata, yana fantsama a rim ya kashe birki.

Sifoka sukan saki a makonnin farko. Ɗaure su daidai wa daida tun wili bai karkace ba. Fedar roba a canja ta da ta ƙarfe mai haƙora. Firam ɗin alminiyom da ya tsage, musamman a wuya ko kusa da mazaunin feda, ya gama wasa. Walda ba ta mayar masa da ƙarfinsa, gefen ɗinkin zai sake buɗewa.

Iska kuma: 'yan gasa kan sa 15 zuwa 25 a geji don taya ta rungumi dutse ta kuma yi tsalle, amma tayarsu mai kauri ce. A tayar gwanjo fara da 30 zuwa 35. In ka ga huji biyu a jere a tiyub, ba ƙaya ba ce, rim ne ya datse shi a bakin dakali, a ƙara iska.

Tambaya: Ina tseren keke, nakan yi Katsina zuwa Daura in dawo. Tirayal zai ƙara mini wani abu, ko ɓata lokaci ne? Kuma wanne ya fi wuya? *Ɗan tsere, Katsina*

Amsa: Gudu dai ba zai ƙara maka ba. Kai aikinka numfashi ne da juriya, kana juya feda sau 80 zuwa 100 a minti na tsawon sa'o'i, iskar tayarka 80 ko fiye don kada kwalta ta riƙe ka. Ɗan tirayal ƙarfinsa na fizga ne, minti biyu ya huta, kuma damtsen hannu ke fara gajiya kafin ƙafa. Mutum na iya yin tafiyar nan taka ta kusan kilomita 160 ya kasa tsayuwa wuri ɗaya na daƙiƙa goma, gwanin tirayal kuma ya sare tun bai yi rabin hanya ba. Don haka batun wanne ya fi wuya, kowanne da irin tasa.

Abin da za ka samu shi ne iko da keke a tafiyar hawainiya: tsayuwa a cunkoso ba ka cire ƙafa ba, ɗaga taya a kan rami, sanin iyakar birkin gaba. Masu keken hawan dutse su suka fi kowa cin wannan riba. Amma akwai ɗabi'a ɗaya da ba ta ƙaura, ita ce dira. Ɗan BMX ko mai gangaro dutse yana dira da gudu, tayoyi biyu kusan tare, daidai da gangaren ƙasa, hannunsa ba ya kan birki, gudun ne ke kwashe ƙarfin faɗuwar. Ɗan tirayal ba shi da gudu. Yakan tsaya a baki kan tayar baya, ya sauke ta gaba, ƙugu can baya, ya ɗan buga feda, ya miƙe ƙafafu a sama, ya dira da tayar baya a kulle, gwiwa ta shanye, sannan ta gaba ta sauka a hankali. Wanda ya kulle birki a sama yana cikin gudu, ko ya sauka daga tsaye ba birki, duk ƙasa za su sha. Kuma don Allah kada ka gwada ko ɗaya da keken tserenka, wilinsa ba zai kai yamma ba.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 13 ya ɗauki wannan wasa, kullum ƙwabrinsa da ciwo. Ƙanwarsa ma ta fara cewa za ta yi. In hana su ne? *Uwa, Daura*

Amsa: Hajiya, Allah ya raya su. A ganinmu sa ido ya fi hani, domin wanda aka hana a gida zai je ya yi a bakin titi, can kuwa mota ce abin tsoro. A matakin koyo wasan ba gudu a cikinsa, yawancin faɗuwa dirowa ce da ƙafa. Ciwon ƙwabri feda ce ke dukansa idan takalmi ya zame, kuma maganinsa abin kare ƙwabri na 'yan ƙwallo da takalmi mai shimfiɗaɗɗen tafin roba. Silifa ba ta hawa keken nan. Hular kwano dole ce kowane lokaci, mai rufe ƙeya, tunda faɗuwar da ta fi muni ta baya ce. A ƙara da safar hannu.

Ki sa masa iyaka: kada ya hau abin da ya wuce gwiwarsa sai ya iya tsayuwar minti ɗaya da sauka ta baya, kada ya yi shi kaɗai, kuma ban da katangar mutane da tsofaffin gine-ginen tarihi. Bulo huɗu, tsohuwar tayar mota da katako mai kauri a tsakar gida sun ishe shi shekara guda, a dai tabbatar ba sa motsi in an hau. In ya bugu a kai har ya yi amai, jiri ko barcin da ba a saba gani ba, asibiti za a nufa nan take. Ita kuwa ƙanwar, mata na da rukuninsu a gasar duniya, Nina Reichenbach ta Jamus ta lashe shi sau da dama. Keke mai inci 20 zai fi yi mata daidai, a matso mata da hannun birki kusa yadda yatsanta zai kai ba tare da ta saki kan keken ba.